Daraktan Watan Yuli da Jamusancin Aro

Ni dai an zalunce ni, kuma tunda duk tsibirin Lomsund babu mai tsaya mini, bari in tsaya wa kaina. Sunana Torvald. Daga birnin Kalmar har inda gaɓar nan ta ƙare babu mai juya harshenmu zuwa Jamusanci kamar ni. Ba yabon kai ba ne, Jamusawa da kansu kan tambaye ni a wace unguwar Hamburg aka binne cibiyata. Amma yau in na shiga kanti sayen madara sai hira ta ɗauke, a bi ni da harara har in fita, wai ni na kai ɗan mutane na baro. To ga yadda aka yi, ku yi mana alƙalanci.

Ɗan mutanen shi ne Barnaby, ɗalibi daga wata jami'a a Ingila, cikin irin waɗanda ake turo mana su yi shekara a ofishinmu na fassara da ke Kalmar don sanin makamar aiki. In shekara ta cika, shugabarmu Gunnel ta rubuta wa malamansu abin da ta gani, wanda ya burge ta kuma takan ce ya dawo ya kama aiki in ya gama karatu. Wannan kujerar Barnaby ya ƙyalla wa ido tun ran da ya sauka. Dogo ne siriri kamar sandar tuta, da ɗan gyale a wuya ko ana zufa. Bai gama cire takalmi a bakin ƙofa ba ya sanar da mu harsuna shida yake ji. Da tafiya ta yi tafiya muka gano Turanci ne, da harshenmu mai ɗingishi, da Faransancin da bai wuce na sayen burodi ba. Sauran ukun, in ji shi, a jiki yake jin su.

Ƙa'idar ofishinmu guda ce: duk abin da ka fassara sai wani ya duba kafin ya fita. Ido na biyu muke ce mata. Da aka gaya wa Barnaby sai ya yi murmushin tausayi.

"Wannan ai tsarin masu shakkar kansu ne."

Gunnel ko kai ba ta ɗaga ba. "To ka ari shakka ka riƙe, har in ce ka ajiye."

Sai Yuli ya kama. Kowa ya sani, a ƙasar nan in Yuli ya kama ko gobara ce sai ta jira Agusta. Duk muka tattara za mu nufi bukkokinmu na bakin ruwa, Gunnel ta kira Barnaby ta damƙa masa mabuɗi.

"Aikinka biyu. Ka ba furannin nan ruwa. In waya ta yi ƙara ka ce muna hutu."

"In babban aiki ne fa ya shigo?"

"Muna hutu."

"In minista ne da kansa?"

"Shi ma yana hutu. Furanni, Barnaby. Wancan na kan taga na mahaifiyata ne, ya girme ka."

Bayanmu bai gama ɓacewa ba waya ta yi ƙara. Majken ce, maƙwabciyata a tsibiri, shugabar kwamitin bikin gaɓa da muke yi ƙarshen Yuli. Bana baƙi za su zo daga wani gari na Jamus da muke ƙawance da shi, ita kuma ta zauna ta rubuta tarihin tashar jiragen ruwanmu, tana so a karanta musu da yarensu. Ta san ko ta leƙo ta kan shinge ta yi mini kuka ba zan motsa ba, shi ya sa ta buga ofis ko Allah zai sa a dace.

"Muƙaddashin darakta ke magana," in ji mai ba furanni ruwa.

Nan take ya yi mata alkawari uku. Shi zai fassara da hannunsa, shi zai hau dandamali ya karanta, kuma a buga sunansa da muƙaminsa a takardar shirin biki. Lissafinsa shi ne Gunnel ta dawo ta tarar da gari na yabon ofishinta, ta jawo kujera ta ce bismillah. Abu ɗaya kawai lissafin ya tsallake: Jamusanci na cikin harsunan nan da yake ji a jiki.

Ya so ya ba na'urar fassara ta yi masa. Sai dai rubutun Majken kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda ne, kuma da yaren tsofaffin masunta ta yi shi. Na'ura ta duba, ta ce ba da ita ba. Sai ga shi a jirgin kawo wasiƙu, da jaka da gyale.

Ya same ni ina kwance cikin ragar lilo da na ɗaura tsakanin bishiyoyi biyu, ina jinyar baya. Ciwon bayan nan ya tashi ne ran da matata Berit ta lissafa mini ayyukan bana: fentin gida, kwashe bokitin banɗaki, shafa wa kwalekwale kwalta. Likitoci ba su san kansa ba har yau.

"Sannu da hutawa, Torvald."

"Wa nake gani kamar mai ba furanni ruwa?"

"Muƙaddashin darakta."

"Ranka ya daɗe. Yaushe aka yi naɗin ba a gayyace mu ba?"

Ya share maganar, ya zaro takardun Majken. Wai ɗan shawara ya zo nema a kan kalma ɗaya biyu.

"Waɗanne?"

Ya nuna daga ta farko har ta ƙarshe.

Na ce, "Ɗana, a Yuli hannuna ba ya taɓa alƙalami. Ubana bai taɓa ba, kakana bai taɓa ba, shi da ma bai iya rubutu ba." Fuskarsa ta zube. Ni kuwa mutum ne mai raunin zuciya. Na ce, "Amma baki ai ba hannu ba ne. Zan iya karantawa ina faɗa. Matsalar ita ce hankalina ba ya kwanciya in ina kallon bangon can da ya koɗe, Jamusanci kuwa ba ya fitowa daga hankalin da bai kwanta ba."

Ku shaida, ban ce ya ɗauki buroshi ba.

"Fenti?" in ji shi, har da dariya. "Ni da na yi wa dandamalin wasan kwaikwayo na jami'armu fenti, jarida ta buga? Kafin ka gama shafin farko na gama gidan nan. Sharaɗi ɗaya: kada kowa ya ji kai ka faɗa. Sunana kaɗai zai fito."

"Ni suna ya ishe ni, har ina neman inda zan rage."

Na miƙa masa fensir ya riƙa rubuta abin da na faɗa, ya dube shi kamar na miƙa masa fartanya. Zamanin wannan ya wuce, in ji shi. Ya rataye wayarsa a reshe saitin bakina ta riƙa ɗauka, daga baya na'ura ta mayar da maganar rubutu, shi kuma hannuwansa na kan aiki. Jifa ɗaya tsuntsu biyu. Na yaba wa basirarsa.

Ya hau tsani. Kowa ya san a tsibirin nan gida ja ne, kusurwoyi da gefen taga farare. Barnaby ya ga wannan ɓata lokaci ne, ya bi bango da kusurwa da gefen taga da ƙofa ya mulke su da ja, har da rabin gilashi. Kafin azahar gidana ya koma kamar fuskar da aka aske wa gira. Maƙwabta suka fara taruwa a bakin shinge, kowa da kofin gahawa, ba mai cewa uffan. A wurinmu wannan shi ne ihu.

Sixten, mijin Majken, tsohon matuƙin jirgi, shi ya fara magana.

"Torvald, motar kashe gobara ka saya?"

Barnaby ya juyo daga saman tsani zai ba shi amsa, tsani ya juyo tare da shi. Shi ya sauka cikin ciyawa mai ƙaiƙayi, bokitin fenti ya tsallake shinge ya sauka kan fararen zannuwan gado da Majken ta shanya. Ta fito da gudu, ta ga zannuwa, ta ga wanda ke birgima yana susa.

"Ba kai ne daraktan da na yi waya da shi ba? Me kake yi a kan tsanin Torvald?"

Nan ne na sara wa yaron. Ya miƙe, ya gyara gyale, ya ce, "Uwargida, ni ba na fassara daga kan kujera. Sai na shiga rayuwar wuri, na yi aikin mutanensa, gumin ƙasar ya ratsa ni. Ruhin Lomsund nake tarawa."

Majken ta dafa ƙirji, ta manta da zannuwa. "Ka ji masu ilimi. Torvald, kai shekara nawa kana fassara ban taɓa ganin guminka ba?"

"Nawa a ciki yake fita."

Kafin yamma labari ya zaga tsibiri cewa ɗan Ingilan gidan Torvald ruhi yake nema. Ashe kowa na da ruhi ajiye a bayan gida. Wata tsohuwa ta ce nata na cikin itacen da ke jiran faskare. Wani ya ce nasa na cikin magudanar rufi. Mai kanti ya ce akwatunan kifi da ke bakin gaɓa ruhi ne zalla. Barnaby ya kasa cewa a'a, don wanda ya haƙa ramin ƙarya ba ya cewa ya yi zurfi. Ni dai na kafa doka: ruhin gidana ne farko, sauran su bi layi.

Ran bokitin banɗaki Berit ta nuna masa hanyar bayan duwatsu inda ake binnewa, ta ce a hannu ake ɗauka, a hankali.

"A hannu? Ga baro?"

"Hanyar gangare ce, ɗan nan."

"Ni na yi tseren keke a duwatsun Wales."

Baro bai taɓa jin labarin Wales ba. Ya ƙwace daga hannunsa a kan tudu, ya miƙe sambal ya nufi gadar katako inda dattawa ke shan gahawar la'asar. Ban taɓa sanin tsofaffin tsibirin nan na da sauran gudu haka ba. Wani da ke dogara sanda tun rasuwar matarsa ya yar da ita ya tsallake benci. Baro ya daki turken ɗaure jirgi ya tsaya, bokiti bai tsaya ba.

Sixten ya leƙo daga bayan rumfa yana toshe hanci. "Darakta, wannan ruhin ya yi ƙarfi. Shi ma za ka sa a fassarar?"

"Komai na da amfani ga mai fasaha," in ji Barnaby, yana jan guga.

Kwalekwale kuwa ya shafe shi da kwalta ciki da waje, har wurin zama. Ya tura shi ruwa don ya nuna wa 'yan matan da ke wanka a gaɓa yadda ake tuƙi a Ingila, ya manta toshiyar gindin kwalekwalen na aljihunsa. Ruwa ya fara shiga, ya yunƙura zai tashi, wando ya ce shi ya zauna ke nan. Haka ya nutse a zaune, a hankali, cikin ruwan da bai kai ƙugu ba, yana ɗaga musu hannu. Sai da Sixten ya kawo almakashi.

Duk wannan ina kwance ina aikina. Zan ɗaga takardar Majken in karanta layi, in zuba shi da Jamusanci mai daɗi kamar zuma. To ni ina da wani hali tun ina saurayi: in harshena ya shiga Jamusanci ba ya fita sai an kira ni cin abinci, kuma abin da idona ya gani bakina sai ya faɗa. Daga ragar nan kuwa ana hango rabin tsibiri. Ni an ce in yi magana, waya an ce ta saurara. Kowa ya yi aikinsa. Ina laifin?

Ana jibi biki na'ura ta amayo rubutu. Barnaby ya jera takardun a teburin kicin yana jujjuyawa.

"Ya na ga ya ninka na Majken?"

"Haka Jamusanci yake. Kalma ɗaya sai ta kai tsawon jirgin ƙasa."

"Na sani," in ji shi. "Gwada ka nake."

Berit na yanka dankali, ta ce, "Ba ku da wata ƙa'ida ta ido na biyu? Ka ba maigidan ya duba mana."

Na ce da zuciya ɗaya zan duba, ranar farko ta Agusta. Dubawa aiki ne.

"To ka mayar wa na'urar taka ta juya maka shi Turanci, ka ga abin da ke ciki," in ji Berit.

Barnaby ya girgiza kai. "Uwargida, mai kunne irin nawa ba ya tambayar ƙarfe. Na saurari kowace jimla, na ji ta a jiki. Ba inda ta yi gargada."

Kunne kam yana da shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya toshe kunnuwa da muryata ya shiga daji yana maimaitawa kamar aku, har ya haddace hawa da sauka, da inda nake jan numfashi, da inda nake gyaran murya. Na ji shi daga nesa na ce wannan wane ne mai daɗin murya haka.

Ranar biki gaɓa ta cika. Tutoci, ƙamshin kifi mai hayaƙi, 'yan busa da jajayen kumatu, jiragen 'yan hutu sun yi layi har bakin duwatsu. Jamusawa na zaune a sahun gaba cikin rigunan ruwa ko da yake ko gajimare babu, shugabansu Detlef a tsakiya, tsohon malamin makaranta mai farin gemu. A hannun kowa takardar shiri, a ƙasanta da manyan baƙaƙe: fassara da karatu, Barnaby, Muƙaddashin Darakta. Ni na zauna can baya kusa da Berit, da matashi a bayana saboda lalura.

Majken ta yi maraba, ta gabatar da shi a matsayin masanin da ya zubar da gumi don ya fahimce mu. Ya hau da sabon wando da ya ara, ya kama lasifika, ya buɗe baki. Sai ga muryata na fita daga bakin wani. Yadda masunta suka fara kafa bukkoki, yadda aka jera duwatsun gaɓa da hannu. Detlef na gyaɗa kai, idonsa a lumshe. Wata Bajamushiya har ta ciro hankici.

"A shekarar babbar guguwa," in ji Barnaby da Jamusanci, murya na rawa, "jirage da yawa sun fita ba su dawo ba. Ga Sixten can zai shige rumfar jirgi, wai duba raga. Kwalbar barasarsa na bayan jarkar kwalta. Majken ta ɗauka tun Kirsimeti ya daina."

Detlef ya buɗe ido. Bajamushiya ta tsaya da hankici a hanci. Tsofaffinmu kuwa, waɗanda aka dura wa Jamusanci a makaranta suka yi zaton ya zube, sai ga shi yana dawo musu ɗaya bayan ɗaya. Sixten bai yi makarantar ba, yana ta tafi don ya ji sunansa.

"Matan da suka rasa mazajensu suka haɗa hannu suka gina coci da dutsen tsibiri. Da da kek ɗin Majken suka gina, da har yau ko tsaga bai yi ba."

Wani Bajamushe ya fashe, na kusa da shi ya kama, sahun gaba ya ɗauka. Barnaby ya ɗaga kai ya ga fuskoki sun washe, ya ce a ransa kasuwa ta yi kyau. Ya ƙara murya, ya buɗe hannu.

"Aka kafa fitilar gaɓa don ta shiryar da matafiya. Mai kanti ya sake ɗora babban yatsa a kan sikeli. Ku dubi ɗan Ingilan nan yadda yake riƙe buroshi, kamar saniya na korar ƙuda da wutsiya."

Nan ya yi hamma, doguwa, har da ɗan nishi a ƙarshe, daidai inda na yi ta.

Majken ta ga dariyar ta wuce ta tarihi. Ta sunkuya wurin Detlef, ya rufe baki da takarda ya raɗa mata, ya daɗe yana raɗawa. Na ga wuyanta ya yi kalar gidana. Ta hau dandamali ba gaggawa, ta karɓi lasifika.

"Ɗan nan, tambaya ɗaya. Kai ka rubuta wannan?"

"Kowace kalma, uwargida."

"Ba wanda ya taya ka?"

"Ni kaɗai, da gumina."

"Kuma duk abin da ke ciki ka tsaya a kansa?"

"Har gaban alƙali."

"Madalla. Ƙarasa."

Da ya ji bari a nan, da bai ji hoho ba. Ya gyara gyale, ya juya shafin ƙarshe.

"Yau Lomsund na buɗe hannu ga 'yan'uwanta na ƙetaren teku. Wannan da zai karanta muku kuwa ko kalma ɗaya ta Jamusanci bai sani ba. Ku zage shi, zai ce amin."

Wannan jimlar, na rantse, tunani nake da ƙarfi. Wa ya san reshe na da kunne?

Gaɓa ta kece. Mai busa ƙaho ya ajiye ƙaho ya riƙe ciki. Detlef ya miƙe yana share hawaye, ya ɗaga hannu kamar a aji, ya tambayi Barnaby da Jamusanci, a hankali yadda ake yi wa ɗan yaye, "Yaya sunanka?"

Barnaby ya rusuna, ya ba shi kalma ɗaya tak da ya mallaka: "Na gode."

Wata Bajamushiya ta zame daga kan benci. Shi kuwa har lokacin gani yake tafi ake masa, ya ga sauran layi biyu, ya ce bari ya rufe taro da armashi.

"Allah ya ja zamanin ƙawancenmu. Berit matata ta ɗauka bayana ke ciwo. Bayana garau yake, Allah dai ya ƙaro mana ɗalibai."

Kawuna suka fara juyowa baya, sahu sahu, kamar iska ta bi ta kan hatsi. Abin da na manta shi ne Berit ta yi aikin reno a Lübeck ta Jamus tana budurwa. Hannu kawai ta sa ta zare matashin da ke bayana ta ɗora a cinyarta.

Sixten ya ja rigar na kusa da shi. "Me aka ce a kaina ne?"

Majken ta amsa masa ta lasifika. "An ce mu je mu duba raga, ni da kai, yanzu."

Sai a lokacin Barnaby ya fahimci ba irin dariyar da ya yi oda ba ce. Ya dubi takarda, ya dube ni, ya dubi Majken. Hanya biyu ce a gabansa: ko ya ce shi ya zagi rabin tsibiri, ko ya ce bai san abin da bakinsa ya faɗa ba. Yana cikin auna wacce ta fi sauƙin mutuwa, sai wata mata ta ratso taro daga wajen jiragen 'yan hutu, da gajeren wando da hular rana, tana lasar askirim. Ta tsaya gaban dandamali tana karanta takardar shiri.

"Muƙaddashin darakta," in ji Gunnel. "Barka da aiki."

"Shugaba, zan yi bayani."

"Ina hutu."

"Minti ɗaya kawai, abin da ya faru shi ne..."

"Sai Agusta, Barnaby." Ta lashi askirim, ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo. "Abu ɗaya dai. Kana nan, wa ke ba furannina ruwa?"

Lasifika na kusa da bakinsa, duk gaɓa ta ji ya haɗiye yawu.

Jirgin wasiƙu ba ya tashi ranar biki, sai washegari ya isa Kalmar da buta a hannu. Ya tarar da na kan taga ya zama tsinken tsintsiya. Na ji an ce ya yi ta zuba masa ruwa har ya gangaro ofishin likitan haƙori da ke ƙasa. Da Agusta ta zo Gunnel ta rubuta wa jami'arsa gaskiya tsantsa, cewa yana da murya mai ƙarfi kuma ba ya tsoron tsani. Kujerar da ya ƙyalla wa ido kuwa, a kanta aka ɗora sabuwar tukunyar fure.

To yanzu ku dubi nawa rabon. Majken ta daina aiko mana da kek, wannan ban kai ƙara ba. Sixten ba ya gaishe ni, mai kanti na auna mini kifi da yatsu biyu. Sauran kwanakin hutuna a kan tsani na yi su, ina mayar da farin kusurwoyin da wani ya ɓata, ni Torvald, a watan Yuli, Berit na kwance a ragata tana nuna mini inda na tsallake.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Detlef. Kafin jirginsu ya tashi ya tsaya a bakin gaɓa ya ce tun da yake bai taɓa jin baƙo ya sarrafa Jamusanci da gwaninta irin wannan ba, ya roƙi kwafi, ya tafi da shi. An ce yana can rataye cikin gilashi a zauren taron garinsu, mutane na zuwa suna karantawa suna riƙe ciki. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata, wanda na yi a kwance ba tare da ido na biyu ba. Ku je ku duba sunan wa ke ƙasa.